Wa Ya Shanye Tafkin Chadi?

Kacici-kacici. Wane kaya ne aka sace da rana tsaka, ƙasashe huɗu na gadinsa, faɗinsa ya fi jihar Kano, amma ba wanda ya ga ɓarawon, ba wanda ya ji motsinsa, ko sawunsa ba a samu a bakin wurin ba?

Kada ka yi saurin ba ni gari, mai karatu. Rabin amsar a fili yake: kayan dai ruwan Tafkin Chadi ne. Ɗaya rabin shi ne mai wuyar, don ya hana masana barci fiye da shekara talatin. Wa ya ɗauke ruwan? Taso mu bi sawu tare. Sharaɗinmu ɗaya ne: duk wanda muka kama, sai mun saurari shaidunsa kafin mu yanke masa hukunci. Ina kuma gaya maka tun yanzu, waɗanda za mu kama suna da yawa.

Inda aka yi ɓarnar

A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru kowacce na da gaɓarta. Garin Ngigmi na Nijar a bakin ruwa yake, haka Baga a Borno, haka Bol a Chadi. Buduma na kora shanun Kuri masu manyan ƙahoni, suna iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Masunta, Barebari da Hausawa da waɗanda suka zo daga nesa, suna kamo giwan ruwa, a yi banda, a loda a mota, sai Anacha da Legas.

Ranar 22 ga Mayu, 1964, shugabannin ƙasashen huɗu, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani da François Tombalbaye da Ahmadu Ahidjo, suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fot Lami, wato Injamena ta yau, don a ci moriyar ruwan tare, kada wani ya cuci wani. An ɗauki masu gadi ke nan tun kafin ɓarawo ya iso.

Ya kuwa iso.

A 1973 wani tudu da ke kwance a ƙarƙashin ruwa ya ɗago kai, ya raba tafkin gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu. A 1975 kwarin arewa ya ƙafe. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, abin da ya rage na buɗaɗɗen ruwa kimanin murabba'in kilomita 2,000 ne. Kashi tara cikin goma ya tafi. Mutanen Ngigmi suka wayi gari sai sun yi doguwar tafiya kafin su ga ruwa. Giwan ruwa ya yi wuyar gani, tarwaɗa da karfasa masu jure taɓo suka gaje wurin. Masu gadi huɗu suka dubi juna, kowa da wanda yake zargi.

Na farko: rana

Mu fara da wadda kowa ke gani.

Hujjojin da ke kanta masu ƙarfi ne. Tafkin ba shi da zurfi. Ko a shekarunsa na cika, wurare da yawa ba su wuce mita biyu ko uku ba. Rana da iska kuwa suna shan fiye da mita biyu daga samansa kowace shekara. Lissafa da kanka. Ruwan da zurfinsa ke mita uku, ana kwashe mita biyu a kansa duk shekara, me ya rage a bincika? Har na ji kana cewa mu tashi, mun gama.

Tsaya mu yi mata tambaya ɗaya tukuna: ina kike a 1963? Tana nan inda take, tana shan mita biyunta, tafkin kuma cike yake maƙil. Haka take sha tun kaka da kakanni. Abin da ke fita bai sake ba. To, lalle abin da ke shigowa ne ya sake.

Mu saki rana, mu koma bakin ƙofa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke zuba wa tafkin ta ƙofa ɗaya yake shiga: Kogin Shari, wanda ke tasowa daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya haɗu a Injamena da Logon mai gangarowa daga tsaunukan Adamawa. A nan akwai ma'aunin ruwa da aka daɗe ana karantawa, littafinsa kuma ya nuna cewa a shekarun 1970 da 1980 ruwan Shari ya koma kusan rabin abin da yake a shekarun 1950 da 1960. Wani ne ya tare shi a hanya?

Na biyu: madatsun ruwa da noman rani

Wannan kam da kayan satar a hannunsa muka gan shi. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974. An gama ta Challawa a 1992. Kamaru ta gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa, ta killace ambaliyar Logon. A Borno, gwamnati ta tsara babban aikin ban-ruwa na Kudancin Chadi a wajen Marte, da burin shayar da hekta 67,000 kai tsaye daga tafkin. A 2001 wasu masana biyu na Jami'ar Wisconsin da ke Amurka, Michael Coe da Jonathan Foley, suka fitar da lissafi cewa tsakanin 1983 da 1994 ban-ruwa ne ya jawo kusan rabin raguwar. Jaridun duniya suka ɗauka, suka buga tare da hotunan tauraron ɗan'adam masu nuna tafkin yana ƙanƙancewa. Ga ɓarawo, ga kaya, ga hoto.

Sai dai lauyan wanda ake tuhuma ya shigo da kalanda.

Yaushe tafkin ya rabu biyu? A 1973. Yaushe aka gama Tiga? A 1974. Maga fa? A 1979. Ɓarna ta riga su zuwa. Su Coe da Foley da kansu sun ce a zangon farko, daga 1966 zuwa 1975, rabon ban-ruwa a raguwar kashi 5 ne kacal cikin ɗari. Sannan Tiga da Challawa a kan rassan Komadugu Yobe suke, kogin da abin da yake zuba wa tafkin bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Aikin Marte kuwa, shi ma sata aka yi masa: ana gama haƙa masa magudana, ruwan ya janye ya bar ta a bushe, akasarin filayen ba su taɓa samun abin da aka yi musu alkawari ba. A 2014 ƙwararrun cibiyar bincike ta IRD ta Faransa suka sake auna lamarin domin Hukumar Tafkin Chadi, suka iske ruwan da manoma ke ɗiba kaɗan ne idan aka gwada shi da wanda Shari ya daina kawowa.

Kada mu wanke shi tas. Yana da laifinsa, kuma babba. Madatsun Kano sun rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru ke rayuwa a kanta, kacala ta toshe magudanai, manoman ƙasa-ƙasa suka sha wuya. Maga ta busar da makiyayar Waza da Logon. Za mu dawo kan waɗannan. Amma satar da muke bincike ta fi ƙarfinsa, domin ma'aunan ruwan sama, daga Senegal har Sudan, duk magana ɗaya suke yi: tsakanin shekarun 1950 da na 1980 damina a Sahel ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ta ragu kuma a mafarin Shari, inda busasshiyar ƙasa kan fara shan rabonta kafin kogi ya ga ɗigo. Madatsa tana tare kogi. Ba ta tare hadari. Wa ya hana hadari haɗuwa?

Na uku: makiyayi da mai gatari

A nan zargi ya faɗa kan wanda ya fi kowa rauni.

Farin 1968 zuwa 1974 ya kashe mutane da aka ƙiyasta sun kai dubu ɗari a Sahel, dabbobi kuwa miliyoyi. Duniya ta nemi dalili. A 1975 Jule Charney, babban masanin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka, ya kawo bayani mai shiga kai. Dabbobi sun cinye ciyawa, an sare itatuwa, ƙasa ta yi fari fat. Farar ƙasa takan mayar da hasken rana sama, ba ta ɗumama iskar da ke kanta yadda ya kamata. Iskar da ba ta ɗumama ba, ba ta tashi. Iskar da ba ta tashi ba, ba ta haɗa hadari. Ruwa ya ƙi zuwa, ciyawa ta ƙara ƙarewa, ƙasa ta ƙara fari. A shekarar nan kuma wani mai bincike, Hugh Lamprey, ya zagaya arewacin Sudan ya ce hamada na matsowa kudu kilomita biyar da rabi duk shekara. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taron gurgusowar hamada a Nairobi a 1977, hukuncin ya riga ya zauna a zukata: mutanen Sahel ne suka kori daminarsu da hannunsu.

Dubi halin Bafilatanin da ya binne garkensa da hawaye, sannan aka ce masa shi ya jawo. Ga mari, ga tsinka jaka. Shekaru da yawa wannan zargi na bin sa a takardun gwamnatoci da na masu ba da agaji.

Shaidunsa sun makara, amma sun zo. Na farko daga sama ya leƙo. A 1991 Compton Tucker na hukumar NASA da abokan aikinsa suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara goma, suka ga bakin Sahara ba tafiyar gaba kawai yake yi ba. A 1984, shekarar da ta fi kowacce muni, ya gangaro kudu. Da ruwa ya ɗan dawo, ya koma arewa. Ciyawa ce ke bin ruwa. Na biyu daga tsofaffin takardu ya fito. Wani hafsan Faransa, Jean Tilho, da ya zo shata iyaka tsakanin yankin Faransa da na Ingila, ya tarar da arewacin tafkin a ƙafe a 1908, lokacin da babu madatsa ko ɗaya, mutane da dabbobi kuma ba su kai yawan na yanzu ba. Shekaru kaɗan bayan haka, a 1913, aka shiga yunwar da kakanninmu suka kira Kakalaba. Riƙe wannan shekarar a ranka. Za ta yi mana amfani.

Shaida na uku hankali ne kawai. Fari ya faɗa daga bakin Tekun Atilantika har Bahar Maliya a lokaci guda, inda shanu suka yi yawa da inda babu su. Gaskiya ne cewa ƙasar da aka tsiraita takan ƙara wa fari zafi idan ya riga ya zo. Amma ba ita ke kiran sa ba.

Uku muka kama, uku muka saka. Ɗakin tsare masu laifi fayau. In kana son ba ni gari, yanzu ne lokacinsa. Amma dakata, akwai inda ba mu duba ba. Duk bincikenmu a tudu muka yi shi.

Sawu ya nufi teku

Daga ina damina ke zuwa? Kowane manomi ya sani: idan iskar hunturu mai busowa daga arewa maso gabas ta kwanta, iskar bazara ta taso daga kudu maso yamma ɗauke da laima, to a gyara fartanya. Laimar nan daga teku take. Inda iskokin biyu suka yi karo, nan hadari ke haɗuwa, kuma wannan mahaɗa zagaye take da duniya, tana hawa arewa a watannin daminarmu, ta koma kudu da kaka. Ɗabi'arta ɗaya: ɗumi take bi, kamar yadda yara kan matsa wajen murhu da sanyin asuba. Duk ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi, can take karkata. Ƙasashenmu kuwa a ƙarshen zangonta suke. Idan ta gaza da kilomita ɗari biyu kawai, Abidjan ba za ta ji a jikinta ba, amma gero zai bushe a Damagaram.

A 1986 masana uku na ofishin hasashen yanayi na Birtaniya, Chris Folland da Tim Palmer da David Parker, suka jera littattafai biyu gefe da gefe: na ruwan saman Sahel tun daga 1901, da na zafin ruwan tekuna wanda jiragen ruwa suka riƙa aunawa. Sai littattafan suka yi magana da baki ɗaya. Duk lokacin da tekunan arewacin duniya suka fi na kudu sanyi bisa yadda aka saba, Sahel ta sha fari.

Dacewa ce kawai? A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta biyu suka yi gwajin da ya warware gardamar. Suka ɗauki kwaikwayon iskar duniya da ke cikin kwamfuta, suka ba shi abu ɗaya tak: zafin tekuna na gaskiya daga 1930 zuwa 2000. Ba su gaya masa yawan shanu ba. Ba su gaya masa an sare ko itace ɗaya ba. Suka sa shi aiki, suka jira. Kwamfutar ta zubo ruwa a shekarun 1950. Ta ɗauke shi a shekarun 1970. Ta tsananta fari a shekarun 1980. Ba akuya, ba gatari, ba madatsa.

Teku ne. Mun kama shi.

Ko kuwa ɗan aike muka kama? Teku yana da nasa juyin, yakan ɗumama ya huce cikin shekaru gommai, shi ya sa fari ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tekun Indiya ma ya riƙa ɗumama a waɗannan shekaru, yana jan hadari wajensa. Amma arewacin Atilantika ya yi sanyi ƙwarai a shekarun 1960 da 1970, daidai lokacin da muka fi buƙatar ɗuminsa. Rana ba ta rage wutarta ba. Wa ya shiga tsakaninta da teku?

Wasu tafkunan, wasu kifayen

Amsar na can inda ba za ka taɓa zato ba. Sa rigar sanyi, za mu Norwe da Suwidin.

A can ma kifi na mutuwa a shekarun 1960. Tafkuna cike da ruwa garai-garai, amma ba rai a cikinsu. Aka auna ruwan, aka tarar ya yi tsami. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, wani masani ɗan Suwidin mai suna Svante Odén kuma ya bi dalilin. A 1967 ya rubuta a jarida cewa tsamin daga sama yake zubowa tare da ruwan sama, kuma iska ce ke kawo shi daga masana'antun Birtaniya da tsakiyar Turai.

Ga yadda abin ya faro. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Turai da Amurka da Tarayyar Sobiyet sun duƙufa ƙona kwal da mai, don wutar lantarki da narka ƙarfe. Kwal yana ɗauke da farar wuta. A Disambar 1952 hayaƙi ya rufe Landan kwana biyar, ya kashe mutum aƙalla 4,000. Sai aka yi dokoki, aka kuma gina dogayen bututun hayaƙi don ya wuce kan birane. Ya wuce kuwa. Ya hau sama, ya bi iska, ya tsallake iyakoki.

Yanzu matso kusa.

Hayaƙin farar wuta idan ya hau sama yakan zama ƙananan ɓurɓushi masu ƙyalli. Ɓurɓushin nan na mayar da hasken rana inda ya fito. Yana kuma shiga gajimare ya ƙara masa fari, gajimaren ya ƙara tare rana. Ba ya daɗewa a sama. Cikin kwanaki ruwa ke wanko shi, shi ne tsamin da ya kashe kifin Norwe. Saboda gajeren ransa, ba ya samun damar bazuwa duniya duka. Inda aka haife shi nan yake tsayawa. Masana'antun kuwa a arewa suke.

Arewa ta shiga inuwa. Kudu tana rana.

Tekun arewa ya huce. Mahaɗar iskoki ta bi ɗumi. Ta karkata kudu. Hadari ya gaza isowa. Shari ya rame. Tudu ya fito. Tafki ya rabu.

Hayaƙi ne.

A 2002 Leon Rotstayn na Ostareliya da Ulrike Lohmann, wadda ke aiki a Kanada a lokacin, suka zuba wannan ɓurɓushi a kwaikwayon yanayi na kwamfuta, sai ga damina ta ja da baya daga Sahel. A 2013 Yen-Ting Hwang da Dargan Frierson na Jami'ar Washington, tare da Sarah Kang, suka duba ma'aunan ruwan sama na duniya, suka ga ja da bayan bai tsaya a Afirka ba: arewacin Indiya da arewacin Amurka ta Kudu sun bushe a shekarun, ƙasashen da ke kudu da mahaɗar kuma sun ƙara samun ruwa. Duk zoben mahaɗar ne ya gusa.

Akwai sauran shaida ɗaya, shi ne ya fi ba ni mamaki. Ka tuna na ce ka riƙe 1913? Duwatsu masu aman wuta su ma farar wuta suke fesawa sama. A 2013 Jim Haywood na ofishin hasashen yanayi na Birtaniya da abokansa suka lura cewa cikin damina huɗu mafi muni da Sahel ta gani tun 1900, uku sun biyo bayan aman wani dutse a arewacin duniya. Dutsen Katmai na Alaska ya fashe a 1912. Damina ta gaba ita ce ta Kakalaba. El Chichón na Meziko ya fashe a 1982. Sai ga 1983 da 1984. Abin da dutse kan yi sau ɗaya ya huta, shi bututun masana'antu suka riƙa yi dare da rana shekara talatin.

Masana har yau suna auna rabon kowanne: nawa ne na hayaƙin farar wuta, nawa ne na juyin teku na ɗabi'a, nawa ne na ɗumamar duniya. Amma kujerar mai laifi ta tashi daga rugar makiyayi ta koma teku da sararin sama, kuma hannun masana'antun arewa na cikin lamarin dumu-dumu. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Ma'aikacin da ke zuba kwal a tanderu a kwarin Ruhr na Jamus bai taɓa jin sunan Baga ba. Masuncin da ke jan kwalekwalensa a kan busasshen laka a Baga bai taɓa jin sunan Ruhr ba. Ba wanda ya nufi wani da sharri. Duk da haka abincin ɗayansu ya ratayu a kan aikin ɗayan, kuma babu ko hukuma ɗaya a duniya da ke duba igiyar da ta haɗa su. Masu gadinmu huɗu na 1964 sun tsare gaɓa. Ɓarawo ta sama ya bi.

Wa ya tare shi?

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Sai dai masu kayan da suka tare shi, kifin Norwe da na Suwidin suke kuka a kai. A Nuwambar 1979, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, ƙasashe fiye da talatin, har da Amurka da Tarayyar Sobiyet, suka sa hannu a Jeneba kan yarjejeniyar hana gurɓataccen hayaƙi tsallaka iyakoki. A 1985 a Helsinki wasu daga cikinsu suka ɗauki alkawarin rage farar wuta da aƙalla kashi 30 cikin ɗari. Amurka ta tsaurara dokarta a 1990. Aka sa wa bututu matata, aka sauya makamashi. Yau farar wutar da Turai ke fitarwa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a wannan yarjejeniya. Amma daga shekarun 1990 arewacin Atilantika ya sake ɗumama, damina ta fara komowa. Masana na ganin washewar sama da ɗumamar duniya duk suna da hannu a komowar. Wani bincike na 2020 da ya yi amfani da tauraron ɗan'adam ya nuna tafkin ya daina ƙanƙancewa tun shekaru ashirin da suka gabace shi. Ruwa mai yawa na ɓoye ƙarƙashin ciyayi inda hoto ba ya gani. Sai dai daminar ta dawo da wani hali. Manyan guguwowin ruwa a Sahel sun ninka uku tun 1982. Injamena ta sha ambaliya a 2022, Maiduguri kuma ta ga abin da ba ta manta ba da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024.

Abin da ke wuyanmu

Gano ɓarawon nesa bai sauke mana nauyin gida ba. Da ruwa ya gudu, mutane sun bi shi ba tare da duba taswira ba, ƙasashe kuma suka kama juna da faɗa. Sojojin Najeriya da na Chadi sun gwabza kan tsibirai a 1983. Ƙauyukan Darak, da masunta daga Najeriya suka kafa a kan sabuwar ƙasa, sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002 kafin aka miƙa su ga Kamaru a ƙarshen 2003. Yau an fi jin sunan yankin a labaran Boko Haram da rundunar haɗin gwiwa fiye da labaran kifi.

Takardar da za a yi aiki da ita tana nan. A 2012 shugabannin ƙasashen hukumar, wadda yanzu ta haɗa da Afirka ta Tsakiya da Libiya, suka amince da Kundin Ruwan Tafkin Chadi, wanda ya tanadi iyakar abin da za a ɗiba da ruwan da dole a bari ya gangara. Ana kuma ta maganar Transaqua, magudana mai tsawon kilomita 2,400 da za ta kawo ruwa daga rassan Kogin Kwango. An yi mata babban taro a Abuja a 2018, mutanen Kwango kuwa ba su yarda ba. Ni dai a ganina, tafkin da ke cika da ramewa bisa umarnin teku, abin da ya fi buƙata ƙasashe ne masu auna ruwa tare, masu gaya wa juna gaskiyar ma'auni. A isar da hasashen damina na cibiyar AGRHYMET ta Yamai har kunnen manomi da masunci. A riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa a lokacin da fadamun Haɗeja da Nguru ke jiransa. Kamaru ta gwada irin wannan a 1994, ta sake buɗe wa ambaliyar Logon hanya, kifi da ciyawa suka dawo. A bar burtali a buɗe ga makiyayin da muka zalunta da zargi.

Sannan a sa ido sama, domin fayil ɗin bai rufu ba. Yau akwai masu ba da shawarar a fesa farar wuta a sararin samaniya da gangan, don a sanyaya duniyar da ke ɗumama. Binciken Haywood ya gwada wannan a kwamfuta: idan aka fesa a arewacin duniya kaɗai, Sahel ce za ta bushe. A 2023 ministocin muhalli na Afirka sun nemi a ƙulla yarjejeniyar duniya ta hana amfani da wannan dabara, kuma sun yi daidai. Karon farko an taɓa daminarmu cikin rashin sani, aka kuma gyara ba tare da an tambaye mu ba. Yanzu kowa ya sani. Duk teburin da za a zauna a yanke abin da za a zuba a sararin sama, ko abin da za a daina zubawa, dole Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru su je shi da murya ɗaya, da ma'aunansu a hannu, tun kafin a fara rubuta takarda.